Gariba Mai Fatsar Turawa

A duk zaman da ake yi a ƙofar masallacinmu na unguwar Flatbush a Amurka, ba a taɓa ambata wata sana'a Gariba ya bar ta ta wuce ba. In an yi zancen gini, kawunsa ne ya gina rabin Kumasi. In an koma kan ɗinki, a gindin keke aka yi masa suna. Mutumin kirki ne, ba ya faɗa da kowa, yana tuƙa tasinsa yana ciyar da gidansa. Bakin nan nasa ne dai ya fi ƙarfin kowa, har shi kansa, kuma babu wanda ya sha wahalar bakin kamar matarsa Adjara.

Adjara ta daɗe tana neman abu guda. Kowace shekara, Lahadin da ta biyo bayan ƙaramar Sallah, 'yan zangon Gana kan fita cin abinci a Prospect Park, wani babban fakin shaƙatawa mai tafki, kuma Hajiya Safiatu, uwar ƙungiyar mata, ita ke raba girki. Duk wadda Hajiya ta yaba wa girkinta a ranar, ita ake kira girkin suna da na biki har shekara ta zagayo. Tun zuwan Adjara Amurka ba a taɓa ba ta komai ba sai kawo lemo da ƙanƙara. A azumin 2016 ne Hajiya ta dube ta ta ce, "'Yata, bana ke za ki yi mana dokunu da soyayyen kifi." Dokunu shi ne tuwon masarar nan mai tsami da ake naɗewa a ɓawon masara, kuma Adjara ta iya shi tun a hannun kakarta. Ta koma gida tana murna har da ƙwalla.

Sai tsautsayi ya sa wata rana Gariba ya ajiye mota a gefen fakin don ya miƙe bayansa. Daga nesa ya hango wani tsohon bature a bakin tafki yana kaɗa wata siririyar sanda, zare na yawo a sama, can sai ya sauka a kan ruwa. Kafin ka ce me, ga kifi. Tsohon ya sunkuya bakin ruwa, ya miƙe, ya sake jefawa, ga wani kifin, ya sake sunkuyawa. Nan take Gariba ya gane komai: tsohon ya nutsa kwando ne a cikin ruwa yana tara su da rai, yadda masuntan gida ke yi. Ya koma mota yana jinjina kai, yana mamakin yadda 'yan zango suka yi shekaru suna cin kifin firiza alhali ga na kyauta a bayan gidansu.

Ranar Sallah, ana fitowa daga idi, ya tare Hajiya Safiatu a gaban jama'a.

"Hajiya, bana kun huta da kifin firiza. Daga ruwa sai kasko. Fresh paa."

"Gariba, ka iya su ne?"

"Hajiya, ni jikan masunta ne. Kakana a Yeji, in ya yi tari a bakin kogin Volta, kifi ke fitowa gaisuwa."

Hajiya ta haɗiyi yawu. "Rabona da kifin da aka kama a gabana tun ina budurwa. Adjara, kin yi dacen miji."

Adjara ta yi murmushin dole. Suna shiga gida ta ce, "Baban Latif, bari dai in sayi ko kaɗan ne in sa a kula, saboda tsaro."

"Wato ni in fito da kifi mai rai a gaban jama'a, ke kuma ki buɗe kula ki fito da gawa. A ce ko matata ba ta yarda da ni ba."

"Ba haka nake nufi ba. Wannan ne karo na farko da Hajiya ta ba ni girki."

"Shi ya sa nake so ki fi kowa. In kika sayi ko jela ɗaya, kin zage ni."

Ta dube shi, ta ga har zuciyarsa yake faɗa, don shi Gariba in ya yi cika baki yakan riga kowa gaskata kansa. Sai ta haƙura da sayen kifin. Ni dai a nan nake ganin laifinta kaɗai, amma wace mace ce ba ta son ko sau ɗaya maganar mijinta ta tabbata?

Washegari Gariba ya ja maƙwabcinsu Boubacar, ɗan Nijar mai sayar da huluna da tabarau a tebur, suka nufi wani kanti a Manhattan da ba a sayar da komai sai kayan kamun kifi. Boubacar bai san komai game da kifi ba, ya bi shi ne kawai don ya ji alamar za a yi abin kallo. Wata baturiya mai furfura ta tarbe su. Gariba ya kwatanta mata tsohon nan da sandarsa, ta ce ta gane, wannan ita ce fatsar da ake yi da ƙudan ƙarya: ana ɗaura gashin tsuntsu da zare da ɗan soso a jikin ƙugiya ya yi kama da ƙwaro, kifi ya ɗauka abinci ne. Ta ce abin da ɗan koyo zai fi samu a wannan tafkin shi ne bulugil, wani ɗan kifi mai faɗi kamar ƙaramar karfasa, wanda bakinsa bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Saboda haka ta ɗauko masa sanda marar nauyi, da zaren da ke yawo a saman ruwa mai siririn baki, sannan ta zuba masa ƙudaje a tafin hannu: wani baƙin gizo-gizo na soso mai ƙafafun roba, da wani ɗan rawaya mai yin ɓul-ɓul in an ja shi, da wani mai gashi da ke nutsewa a hankali.

Gariba ya kalli tafin hannunsa, ya kalli Boubacar.

"Chale, matar nan ta raina ni. Da wannan zan ciyar da zango?"

"Mon frère, ni ban san kihi ba, amma ita nan take wuni."

"Nan take wuni, ba a ruwa ba. In ka je gidan mutum da ƙaramin kwano, ƙaramin tuwo za a zuba maka."

Ya ture kayan gefe, ya nuna wata sanda mai kauri da ke jingine a bango. Matar ta ce ta kifin teku ce. Ya ce yauwa. Ya zaɓi ƙudaje yadda ake zaɓen atamfar biki: ja da kore mai ƙyalli, da shuɗi mai idanu biyu, da wani fari da ya kai ɗan tsako girma. Ta ce bakin bulugil ba zai ɗauki ko ɗaya ba. Ya ce ƙananan su matsa manyansu su zo. Ya ƙara da wandon roba mai haɗe da takalmi da ke zuwa har ƙirji. Abu ɗaya kawai ta iya tilasta masa, wato yankar lasin kamun kifi, shi ma ya yarda ne don ya ga zai yi kyan nunawa a masallaci.

Da aka gama ɗaure kaya sai ya tsaya yana jira. Matar ma ta tsaya tana jira.

"Mi kake jira?" in ji Boubacar.

"Gyara mana. Duk wannan ciniki ba gyara?"

Da ƙyar suka fahimtar da ita cewa a wajenmu in an yi babban ciniki ana ƙara wa mutum wani abu. Ta yi dariya, ta jefa masa baƙin gizo-gizon nan a leda. Sannan ta ce akwai wata doka ta tafkin da ya kamata ya sani.

Gariba ya ɗaga hannu. "Madam, no problem. Ba a koya mini ruwa."

Ranar Lahadi tun da hantsi fakin ya cika da 'yan zango. An shimfiɗa tabarmi kusa da tafki, Nimatu ƙawar Adjara ta sauke tukunyar wake da shinkafa da dafaffen ƙwai, maza na gasa cincinga, wato tsiren 'yan Gana. Adjara ta jera dokununta a babban kwano, ta buɗe baƙin yajin nan shito da ta kwana biyu tana soyawa, ta ɗora kasko a kan gawayi ta zuba mai. Labarin kifi ya riga ya zaga, har waɗanda ba sa zuwa sun zo.

Sai ga Gariba. Ya sa wandon robar, amma a ganinsa bai dace magidanci ya tsaya a gaban surukai da kayan masu gyaran kwata ba, don haka ya ɗora babbar rigar Sallarsa a kai, shadda mai sitaci, da hula. Yana tafiya robar na kuka, shaddar na amsawa.

"Adjara, mai ya yi zafi?"

"Ya yi."

"To ki matso da kaskon. Ba na son su huce a hanya."

Ya ɗaura jan ƙudan, ya zare zare mai yawa, ya naɗe hannun riga a kafaɗa, ya yi bisimilla. Ya kaɗa sandar baya da ƙarfin da ake saran itace, ya kaɗo ta gaba. Ƙugiyar ta kama gindin rigarsa ta baya, ta ɗago ta ta kife masa a ka. Jama'a suka ga wandon roba a tsaye ba kai, hannuwa na lalube a cikin shadda.

"Dumama jiki nake yi," in ji muryar da ke cikin rigar.

"Ka dumama da kyau," in ji Boubacar yana zare ƙugiyar. "Ko kihin ya ji tsoro."

Jifa na biyu ya tafi sama lafiya, sai dai bai dawo ba. Jan ƙudan ya maƙale a reshen bishiya. Gariba ya ja, bishiyar ta ja, zaren ya tsinke. Ya ce dama wannan na gwaji ne. Ya ɗaura shuɗin mai idanu, ya ce kowa ya matsa. Kowa ya matsa, ban da Hajiya Safiatu, wadda aka kafa wa kujera a inuwa can baya, inda kowa ya ɗauka babu abin da zai kai. Ƙudan ya wuce ta gefen kunnenta, ya ɗauki mayafinta daga kafaɗa, ya bi da shi ta saman tabarmi ya shimfiɗa shi a kan ruwa.

Hajiya ta dafe ɗankwalinta da hannu biyu.

"Gariba."

"Na'am, Hajiya."

"Daga Makka na zo da shi."

"Yanzu zan kamo shi, Hajiya. Ai yana kan ƙugiya."

Ya naɗo zaren a hankali, mayafin na biyowa da ganyen ruwa a jikinsa. Boubacar ya ce a rubuta, wannan ne kamun farko. Adjara ta ruga ta karɓa tana ba da haƙuri, ta matse shi ta shanya a kan reshe. Da ta koma ta tarar mai ya fara hayaƙi, ta sauke kaskon. Nimatu ta leƙo ta ce, "Ƙawata, ko in ɗan ajiye miki ƙwai daga nawa?" Adjara ta ce a'a, ta gode, amma ba ta iya haɗa ido da ita ba.

Rana ta take. Yara sun fara cin dokunu da ido. Gariba ya samu ya jefa farin ƙudan nan mai girman ɗan tsako a ruwa, ya faɗa da ƙarar da ta kori duk wani mai rai daga wannan gefen. Ya jira, ya ja, ya sake jefawa, shiru. Sai ya yi tsaki.

"Na gano matsalar. Wane kifi ne mai hankali zai ci gashin kaza? Turawa ba su san karɓar baƙo ba. Boubacar, miƙo cincinga."

Ya zare tsoka guda mai yaji da ƙuli ya soka a ƙugiyar. Bai kai ga jefawa ba ƙamshin ya isa wajen dinyoyin da ke kiwo a bakin tafkin. Babbar cikinsu ta miƙe wuya ta nufo shi. Ya ce mata kai. Ta ƙara sauri. Ya ɗaga naman sama, ta bi naman, ta haɗa da hannun riga. Gariba ya juya zai gudu, amma wandon roba ba a yi shi don gudu ba. Ya taka gefen rigarsa, ya yi baya-baya, ya zauna a cikin tafkin har ƙirji. Dinyar ta tsinci tsokar da ta faɗi a ciyawa ta yi tafiyarta.

Wandon ya cika da ruwa, sai da Boubacar da wani ƙato suka kama shi ta wuyan riga suka jawo shi. Farin ƙudan ya tafi, shuɗin ya karye a wajen cire mayafi, hular ma tana can tana yawo a tsakiyar tafki.

"Baban Latif," in ji Adjara a hankali, don kada a ji, "ka bari hakanan. Mutane na jin yunwa."

"Yanzu na san zurfin ruwan. Da a makance nake yi."

Ya laluba leda, bai sami komai ba sai baƙin gizo-gizon gyara. Ya ɗaura shi yana ƙunƙuni. Hannunsa ya mutu, ba shi da ƙarfin kaɗa sanda, sai kawai ya sake shi a kan ruwa kusa da ƙafarsa, gefen wasu ciyayi. Gizo-gizon ya zauna, ƙafafunsa na rawa. Sai aka ji ɗan tsut, ya ɓace.

Gariba ya fizgo sandar da ƙarfin da ya tanada don giwan ruwa. Wani ɗan kifi ya yi tsalle sama, mai launin zinariya a ciki da ɗigon baƙi a kunne, bai cika tafin hannu ba.

"Ga shi. Wa ya ce ban iya ba? Adjara, mayar da kasko."

"Wannan kihi ne ko maɓallin riga?" in ji Boubacar.

"Ɗan aike ne. Manyan na tafe a baya."

Ya ɗaga shi sama ya nufi tabarmi da shi, ruwa na tsiyaya daga rigarsa, yara na bin sa da waya. Adjara ta mayar da kaskon a wuta, don ko ba komai Hajiya za ta ɗanɗana. Bai kai wajenta ba wata ma'aikaciyar faki mai koren kaya da faffaɗar hula ta sha gabansa. Hayaniyar dinya ce ta jawo ta. Ta nemi lasin, ya zaro shi a jiƙe yana taƙama. Ta duba ta ce daidai ne, ta yaba kyan kifin, sannan ta ce to ya yi sauri ya mayar da shi ruwa kafin ya galabaita.

Gariba yana jin Turanci sarai, amma ya juya wajen Boubacar. "Me ta ce?"

"Ta ce ka maida shi gida."

"A kan me? Wane laifi ya yi?"

Ma'aikaciyar ta yi bayani cikin fara'a cewa a wannan tafkin duk abin da aka kama sai a sake shi, ba a tafiya da ko ɗaya. Gariba ya ce ƙarya ne, da idonsa ya ga wani tsoho yana tara su a kwando a cikin ruwa. Ta ce ta san tsohon, kullum yana zuwa, kuma ba shi da kwando.

"Wato duk sunkuyon nan da yake yi," in ji Gariba, muryarsa ta yi ƙasa, "sallamarsu yake yi?"

Ya roƙe ta ko wannan ɗayan ne, saboda wata dattijuwa. Ta ce ko rabinsa. Ta taya shi cire ƙugiyar, ta raka shi bakin ruwa. A gaban duk zangon, Gariba ya sunkuya ya buɗe hannu, kifin ya kaɗa jela ya shige ciyawa.

Dariyar da aka danne tun hantsi ta ɓalle, har masu gashin cincinga suna riƙe ciki. Adjara kaɗai ba ta yi ba. Ta sauke kaskon, ta tsaya tana kallon man da bai soya komai ba, kunya da baƙin ciki sun cika ta. Boubacar ya ce bari ya ruga kanti. Hajiya Safiatu ta ce, "Mun jira ruwa, ba za mu jira kanti ba. A zuba abin da ke akwai."

Mutane suka yi layi da faranti. Adjara ta kwance zanen girkin da ta ɗaura a ƙugu, ta je har inda mijinta yake tsaye, ta ɗaura masa a kan jiƙaƙƙiyar shaddar, ta damƙa masa cokali.

"Da bakinka ka gayyato su. Kowa ka zuba masa, ka gaya masa."

"In gaya masa me?"

"Abin da babu."

Haka aka yi. Ya sa dokunu, ya zuba shito, ya ce, "Babu kifi." Na gaba ya matso. "Babu kifi." Wasu don mugunta suka yi kamar ba su ji ba, sai ya maimaita. Boubacar ya zagayo layi ya dawo don a sake gaya masa.

Hajiya ta ci nata a kujera. Adjara na tsaye a gefe tana murza yatsu. Hajiya ta lashe hannu, ta aika a ƙaro mata wani. Sai da ta cinye shi ma, sannan ta yafito ta.

"Dokunun da aka ci shi gaya aka nemi ƙari, ya yi. Sunan gidan Ishawu wata mai zuwa, ke za ki yi. Kifi kuwa ki saya da hannunki, kuma kada mijinki ya san ranar."

Adjara ta durƙusa ta yi godiya, ta goge ido da bakin mayafi. Sannan ta ɗauki faranti ta shiga ƙarshen layi. Da ta iso gabansa, Gariba ya zaɓo mata dokunu mafi girma, ya sunkuyo yana raɗa.

"Adjara, na gano inda kuskuren yake. Akwai wani ruwa can wajen Staten Island, baɗi in Allah ya kai mu..."

"Gaya mini abin da ka gaya wa kowa."

Ya kalli farantin, ya kalle ta.

"Babu kifi."

"Yauwa," in ji Adjara. "Tunda muka yi aure, yau ne ka faɗa mini magana daidai girmanta. Ƙaro shito."